Yadda ake zaɓen tazargade mai jure sanyi wadda ba ta mamaye lambu

Wannan bayani na 'yan'uwanmu ne da ke zaune a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka, kamar Ingila, Jamus, Kanada da arewacin Amurka, waɗanda Allah ya hore musu ɗan fili a bayan gida, suna son shuka abin da zai riƙa dawowa kowace shekara ba sai an sake dasawa ba. Tazargade da muka sani a wurin masu sayar da magani tana cikin babban dangin da masana ke kira Artemisia, mai ɗaruruwan nau'o'i. Da yawa daga cikinsu ana shuka su a can saboda ganyensu mai ruwan azurfa, wanda ke fito da launin furannin da ke kewaye da shi. Ba sa neman taki, suna jure fari, kuma zomo da barewa ba sa kusantarsu saboda ɗaci da ƙamshi.

Abin da ke ba sabon mai lambu wahala shi ne, a cikin dangin nan akwai wadda za ta zauna inda ka ajiye ta shekara da shekaru, akwai kuma wadda kafin shekara uku ta cinye maka lambu ta tsallaka na maƙwabci. A tukunyar mai sayarwa duk kamarsu ɗaya. Shi ya sa ni ba na fara duba ganye. Saiwa nake fara tambaya, sannan iri, sai ganye ya zo a ƙarshe.

Kayan da za ka tanada

Shebur, da cokali mai yatsu na haƙa ƙasa. Na biyun ya fi amfani wajen zaƙulo saiwa ba tare da ya daddatse ta ba.

Almakashin yankan reshe mai kaifi, da safar hannu, domin ruwan ganyen yana sa wa wasu ƙaiƙayi.

Ƙananan tsakuwa, buhu ɗaya ko biyu gwargwadon girman wurin. In babu, yashi mai kaushi irin na gini da aka wanke zai yi. Lallausan yashi kam kada ka kawo shi kusa, yana toshe ƙasa.

Bokitin ruwa da tef ɗin awo.

Tsohon bokitin roba ko babbar tukunyar shuka mai zurfin santimita 40 zuwa 45, in har kana da niyyar shuka nau'i mai gudu.

Takarda da biro, ko wayarka, don rubuta cikakken sunan kowace shuka. Wannan ya fi duk sauran kayan muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi rainawa.

1. Fara sanin iyakar sanyin garinku

A Amurka ma'aikatar noma ta raba ƙasar shiyya-shiyya bisa ga mafi tsananin sanyin da ake samu a shekara, kuma masu sayar da dashe suna rubuta lambar shiyya a jikin takardar shuka. Shiyya ta 3 sanyinta yana kaiwa digiri 40 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas, ta 4 kamar 34, ta 5 kamar 29, ta 6 kamar 23, ta 7 kuma kamar 18. Kanada ma tana da taswirarta mai kama da wannan. A Birtaniya ƙungiyar masu lambu ta RHS tana amfani da alamar H1 zuwa H7: H4 na jure digiri 10 ƙasa da sifiri, H5 har 15, H7 kuwa ta wuce 20. Ka nemi lambar garinku, ka rubuta. Duk shukar da lambarta ta tsaya daidai kan iyakar garinku, ka ɗauke ta a matsayin wadda hunturu mai tsanani ɗaya zai iya tafiya da ita.

Sai dai lambar ba ta faɗin komai. Yawancin tazargade masu farin ganye asalinsu daga busassun wurare ne, tsaunuka da filayen ciyawa da bakin teku mai yashi. Sanyi busasshe ba ya damunsu sosai. Abin da ke kashe su shi ne ƙasa mai sanyi da ta jiƙe sharkaf daga Nuwamba zuwa Maris, saiwar ta ruɓe a ciki. Za ka ga shuka ta rayu lafiya a tsakiyar Kanada inda ƙasa ke daskarewa, irinta kuma ta mutu a yammacin Ingila inda sanyin bai kai rabin wancan ba amma ruwa ba ya ɗaukewa. Don haka mataki na biyu ya fi na farko nauyi.

2. Gwada ƙasa da rana

Haƙa rami mai zurfin santimita 30 da faɗi kamar haka a daidai inda kake son shukar. Cika shi da ruwa, ka bar shi ya tsotse. Sake cika shi. In ruwan na biyu ya shanye cikin awa biyu zuwa huɗu, ƙasarka ta yi. In ka dawo washegari ka tarar da ruwa kwance, ƙasar yumɓu gare ka, kuma akwai aiki a gabanka.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a haƙa rami a cikin yumɓu, a zuba tsakuwa a ƙasansa, a dasa. Ramin nan sai ya zama wurin da ruwan kewaye ke taruwa, saiwar ta kwana cikinsa. Hanyar da ke aiki ita ce a ɗaga wurin sama. Ka yi kunya ko tudu mai tsayin santimita 15 zuwa 20, ka gauraya tsakuwa kashi ɗaya da ƙasa kashi biyu a duk faɗin wurin, sannan ka dasa a kan tudun. In ba ka da ƙarfin wannan aiki ko gidan haya kake, shuka a babbar tukunya mai huji a ƙasa, ko ka tsallaka kai tsaye zuwa Artemisia lactiflora da zan yi bayaninta a mataki na huɗu, domin ita laima take so.

Rana kuma, a samu aƙalla awa 6 a yini. A inuwa farin ganyen yana komawa kore-kore, reshen ya yi tsawo ya faɗi. Kada ka zuba wa masu farin ganye taki, na gargajiya ko na zamani. Ƙasa mai ƙarfi tana sa su yin girma mai laushi wanda iska ke kwantarwa, sanyi kuma ya ƙone shi.

3. Ware waɗanda za ka guje wa

Tazargade tana mamaye wuri ta hanya biyu. Ta farko ita ce saiwa mai gudu a ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda ƙiri-ƙiri ke yi a gona: ka tsinke ta, kowane guntu ya zama sabuwar shuka. Ta biyu ita ce zubar da iri, inda shuka ɗaya ke watsa dubban ƙwayoyi ƙanana.

Kan gaba a masu gudu ita ce Artemisia vulgaris. Jihar New York ta sa ta cikin jerin tsirran da aka haramta sayarwa ko shukawa. Akwai wani nau'inta mai ganye rawaya da kore da ake sayarwa da sunan 'Oriental Limelight'. Yana da kyan gani ƙwarai a tukunya, kuma wannan kyan ne ke jawo mutane. A ƙasa halinsa ɗaya da uwarsa. Ni ko kyauta aka ba ni ba na karɓa. Ƙurar furenta ma tana tayar wa mutane da yawa da atishawa da ƙaiƙayin ido a ƙarshen watannin zafi.

Sai 'Silver King' da 'Silver Queen', dukansu daga Artemisia ludoviciana, wadda asalinta daga Arewacin Amurka ne. Masu busar da ganye don ado suna son su, kuma suna jure sanyi har shiyya ta 4. Amma a ƙasa mai sauƙi, musamman mai yashi, suna bazuwa sosai cikin ɗan lokaci, su kutsa cikin tushen sauran furanni inda ba za ka iya cire su ba sai ka tumɓuke komai. Wani abin lura: 'Silver Queen' ta taɓa samun lambar yabo ta RHS. Lambar tana nuna shukar tana yin kyau ne a lambu, ba ta yi alkawarin za ta zauna wuri ɗaya ba. Artemisia pontica ma, mai ganye siri-siri, haka take yaɗuwa.

A ɓangaren masu zubar da iri, Artemisia absinthium ce babba. Asalinta Turai da Asiya, amma a jihohin North Dakota da Colorado doka ta sa ta cikin ciyayi masu cutarwa, saboda yadda take cinye wuraren kiwo. A Birtaniya ba ta da wannan matsala sosai, kuma nau'inta 'Lambrook Silver' sananne ne a lambuna, amma ko a can sai ka riƙa yanke furen kafin ya yi iri. In kana Amurka ko Kanada, duba jerin haramtattun tsirrai na jiharku kafin ka saya. Artemisia annua kuwa shekara ɗaya take yi ta mutu, don haka ba ta cikin lissafin lambu mai ɗorewa, kuma tana barin iri da yawa a bayanta.

4. Zaɓi gwargwadon wurin da za ta zauna

Nan ne aikin yake da daɗi. Ka raba lambunka a ido: gaba, tsakiya, baya.

A gaba, bakin hanya ko kan duwatsu, Artemisia schmidtiana 'Nana' ce, wadda a Amurka aka fi sani da 'Silver Mound'. Daga Japan take. Tsayinta bai wuce santimita 30 ba, faɗinta kamar 45, tana yin dunƙule mai laushi, ba ta gudu ko kaɗan, kuma tana jure sanyi har shiyya ta 3. Rauninta zafi mai gumi: a tsakiyar lokacin zafi takan buɗe a tsakiya, rassan su faɗi gefe-gefe, cikin ya yi baƙi. Maganin wannan yana mataki na takwas. In garinku yana da zafi da laima, kamar kudu maso gabashin Amurka, ka haƙura da ita. Inda sanyi ya yi tsanani kuma ƙasa busasshiya ce, Artemisia frigida ta filayen Kanada da yammacin Amurka ita ma gajera ce mai juriya. Artemisia stelleriana 'Boughton Silver' tana kwanciya a ƙasa, ganyenta faffaɗa fari sol, tana jure gishiri, don haka ta dace da gefen hanyar da ake watsa wa gishiri a hunturu. Tana ɗan yaɗo amma a hankali. Wanda ke zaune kusa da teku a gabashin Amurka ya bar ta, domin ta riga ta bazu a yashin gaɓar can.

A tsakiya, zaɓina na farko 'Powis Castle' ce, kuma in shuka ɗaya tak zan ba sabon mai lambu, ita zan ba shi. An sa mata sunan wani tsohon gidan sarauta ne da ke Wales. Tushenta itace ne, ba ta da saiwa mai gudu, kuma da wuya ta yi fure, saboda haka ba ta zubar da iri. Hanyoyin mamaya biyun nan duk ta tsira daga gare su. Tana kai santimita 60 zuwa 90 a tsayi, faɗinta kuma yakan kai mita ɗaya ko ya ɗan wuce, ganyenta a tsattsage mai sheƙi. Ta fi sauran jure zafi mai laima. Inda take da rauni shi ne sanyi: shiyya ta 6 ce iyakarta, kuma ko a can tana son gindin bango mai fuskantar kudu da ƙasa mai tsane ruwa. Wanda ke Toronto ko Chicago ya ɗauke ta a matsayin wadda sai an riƙa ajiye mata magaji, kamar yadda za a gani a mataki na tara.

In sanyin garinku ya fi ƙarfinta, akwai hanya biyu. Artemisia abrotanum ƙaramin itace ne mai kai mita ɗaya, ganyensa kore mai ruwan toka, da ƙamshi mai ƙarfi mai kama da lemo da kafur. Bai kai ta farin ganye ba, amma yana jure sanyi har shiyya ta 4, yana zaune wuri ɗaya, kuma yana daɗewa. Ta biyu ita ce 'Valerie Finnis', wadda ita ma daga ludoviciana take, mai faffaɗan ganye fari tas. A gaskiya tana gudu, sai dai gudunta bai kai na 'Silver King' ba. A ƙasa mai nauyi shebur ɗaya a shekara ya isa ya tsare ta. A ƙasa mai yashi ka sa ta a bokiti. Akwai kuma Artemisia alba 'Canescens', mai ganye siriri a murɗe, tsayinta kamar santimita 45, ba ta da fitina, sai dai tana jinkirin farkawa bayan hunturu, kada ka zaci ta mutu ka tumɓuke.

A baya, ko a wurin da ƙasa ke riƙe ruwa, Artemisia lactiflora ce, daga Sin. Ta saba wa dangin gaba ɗaya: ganyenta kore ne, don furenta ake shuka ta, fari mai ruwan madara, yana fitowa a Agusta da Satumba lokacin da sauran furanni suka fara gajiya. Tana kai mita ɗaya da rabi, tana son ƙasa mai danshi da ɗan taki, tana jure 'yar inuwa, kuma tushenta dunƙule yake ba ya gudu. Nau'in da ake kira Guizhou yana da kara mai duhu ja-ja, wanda ke ƙara wa furen haske. Mutane da yawa masu ƙasar yumɓu suna ta asarar kuɗi a kan masu farin ganye, alhali wannan ce ta dace da su tun farko.

Mai son na girki, tarragon na Faransa shi ma ɗan dangin ne. Ba ya yin iri mai tsirowa, da reshe ko rabon tushe ake yaɗa shi. Duk fakitin iri da ka gani an rubuta tarragon, na Rasha ne, ba shi da ɗanɗano sosai kuma yana bazuwa.

5. A wurin sayar da dashe

Kada ka sayi tukunyar da aka rubuta Artemisia kawai, ko aka rubuta wani suna na kasuwa ba tare da cikakken sunan nau'in ba. Suna guda na kasuwa yakan hau kan shuka uku daban-daban. Haka nan in maƙwabci ya ce yana da tazargade da yawa, zo ka ɗiba, tambayi kanka me ya sa ta yi masa yawa. Shukar da ake rabawa kyauta da buhu yawanci mai gudu ce.

Nemi izinin mai sayarwa, ka kifa tukunyar a tafin hannunka ka zare ta a hankali. Duba abu uku. In ka ga fararen jijiyoyi masu kauri suna zagaye bangon tukunya, wasu har sun ɗago kai sun fito da ganye a gefe ko ta hujin ƙasa, wannan mai gudu ce ko me takarda ta ce. Mai zama wuri ɗaya saiwarta siriri ce, duka rassanta kuma daga tushe guda suke fitowa. Na biyu, saiwa baƙa mai laushi da wari alamar ruɓa ce, ajiye ta. Na uku, ɗaga ganyen ƙasa ka duba ko akwai ɗigo-ɗigo ruwan tsatsa ko farin gari. In mai sayarwa bai yarda ka zare ba, duba hujin ƙasa da gefen tukunyar, yawanci sun isa su nuna maka. Ƙaramar shuka mai lafiya ta fi babba da ta daɗe a tukunya, kuma ta fi arha.

6. Dasawa

Lokacin da ya fi shi ne bayan sanyin ƙarshe ya wuce, daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni gwargwadon gari. Masu farin ganye kada a dasa su a kaka, domin saiwar ba za ta kama ba kafin ruwan hunturu. Lactiflora kaɗai ce ba ta damu ba.

Haƙa rami mai faɗi ninki biyu na tukunyar, zurfinsa kuma daidai da ita. Wuyan shukar, wato inda kara ya haɗu da saiwa, ya zauna daidai da saman ƙasa ko ya ɗan ɗara da santimita 1 zuwa 2. Binne wuya shi ne hanya mafi sauri ta kashe ta. Mayar da ƙasa, danna da hannu, ba ta ruwa sosai sau ɗaya. Sannan ka shimfiɗa tsakuwa mai kaurin santimita 3 zuwa 5 kewaye da ita har ƙarƙashin ganyen. Kada ka rufe da ɓawon itace ko ruɓaɓɓen ganye, suna riƙe danshi a wuya.

Tazara: santimita 40 tsakanin 'Nana' da 'yar'uwarta, 60 ga lactiflora da 'Valerie Finnis', 90 zuwa mita ɗaya ga 'Powis Castle'. A shekarar farko wurin zai yi kamar fanko, zuciya za ta ce ka ƙara cusa wasu. Daure. Iska tana buƙatar hanyar wucewa tsakaninsu, in ba haka ba ganyen ƙasa ya ruɓe. In fankon ya dame ka, cike shi da furanni masu shekara ɗaya.

7. In ka nace sai mai gudu

Wani yana son 'Silver King' don busarwa, kuma ba laifi ba ne. Yanke gindin bokitin roba, ka binne shi a ƙasa ka bar bakinsa ya fito da santimita 5 a sama, sannan ka dasa a ciki. Bakin nan da ya fito shi ne mai gadi, domin saiwar tana tafiya kusa da saman ƙasa ne, in ka binne bakin za ta haura. Kowace shekara biyu ka zaƙulo ta, ka raba, ka mayar da kashi ɗaya da sabuwar ƙasa. Sauran a jefa a shara, kada a sa a ramin taki. In ba ka son haƙa, bar ta a tukunya a kan daɓe, kada ka ɗora tukunyar a kan ƙasa, saiwar za ta bi ta huji ta sauka. Wannan dabara ban yarda a yi ta da vulgaris ba, domin ita tana zubar da iri kuma.

8. Kulawa a cikin shekara

A shekarar farko ka ba su ruwa sau ɗaya a mako in ba a yi ruwan sama ba, a gindi, ba a kan ganye ba. Daga shekara ta biyu masu farin ganye ba sa buƙata sai an yi dogon fari. Lactiflora kuwa in ta bushe ganyenta na ƙasa yana ƙonewa.

Aski shi ne inda aka fi kashe 'Powis Castle' da abrotanum. Mutum yana share lambu a Oktoba sai ya daddatse su har ƙasa tare da sauran furanni. Ruwa ya shiga wurin yankan, sanyi ya daskarar da shi, tushen ya mutu. Bar su da rassansu duk hunturu ko sun yi muni. A Afrilu, idan ka ga ƙananan idanu sun fara tohowa a jikin itacen, sai ka yanke sama da su, ka rage kamar rabi zuwa kashi biyu cikin uku. Kada ka sauka zuwa tsohon itacen da ba ka ga ido a jikinsa ba, sau da yawa ba ya sake tohowa.

'Nana' kuma a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, da zarar ka ga ta fara ɗago kan fure, aske rabinta da almakashi. Za ta yi mako biyu ko uku ba kyan gani, sannan ta dawo a dunƙule har kaka. Furen masu farin ganye ƙanana ne marasa kyau, yanke su ba asara, kuma yana hana iri zuba. Ludoviciana da lactiflora suna mutuwa har ƙasa a hunturu su sake fitowa, don haka busassun karansu ana iya yanke su a Maris.

Ƙwari ba su cika damunsu ba. Wani lokaci ƙananan baƙaƙen ƙwari masu tsotsar ruwan ganye sukan taru a kan sabon toho a Mayu da Yuni. Tsinke kan reshen, ko ka wanke su da ruwa mai ƙarfi da safe don ganyen ya bushe kafin dare.

9. Ajiye magaji

'Powis Castle' bayan shekara huɗu ko biyar takan yi itace da yawa, ƙasanta ya zama tsirara. A Yuli ko Agusta yanki kan reshe mai tsawon santimita 8 zuwa 10 wanda ya fara tauri, cire ganyen rabinsa na ƙasa, ka kafa shi a ƙaramar tukunya mai cakuɗen ƙasar shuka da tsakuwa rabi da rabi. Ajiye a wuri mai haske da rana ba ta bugawa kai tsaye. Kada ka rufe da leda kamar yadda ake yi wa wasu tsirrai, ganye mai gashi-gashi yana ruɓewa a cikin gumi. Cikin wata ɗaya zuwa mako 6 zai yi saiwa. Ya yi hunturu a bakin taga a ɗaki mai sanyi ko a gareji mai haske inda ba ya daskarewa, ka fitar da shi a Mayu. Kafa biyar ko shida, ba duka ke kamawa ba. Abrotanum ma haka ake yi masa. 'Nana' da lactiflora raba tushensu ake yi a Afrilu, duk shekara uku ko huɗu.

10. In ka tarar ta riga ta mamaye

Wanda ya shiga gidan da vulgaris ko 'Silver King' ta cinye, kada ya sa injin huɗa, zai daddatsa saiwar ne ya watsa ta ko'ina. Jira ƙasa ta yi laushi bayan ruwa, ka bi da cokali mai yatsu kana ɗaga ƙasa kana zaro jijiyoyin da tsawonsu. Furannin da ta shiga cikin tushensu a tumɓuke su, a wanke saiwarsu, a tsince nata, a ajiye su a tukunya wata biyu a ga ko wani abu zai fito. Inda wurin ya yi faɗi, yanke komai har ƙasa ka rufe da kwali mai kauri ko baƙar leda, ka bar shi aƙalla shekara guda, vulgaris takan ci biyu. Duk tohon da ya fito a gefe a cire shi yana ƙarami, kafin ganyensa ya sake ciyar da saiwar.

Ga masu lambu a tudun Jos ko Mambila, sanyi ba zai kashe muku ko ɗaya ba, ruwan damina ne abin tsoro, don haka batun kunya da tsakuwa ya fi shafarku. Nau'o'in da suka saba da dogon hunturu kamar 'Nana' ba za su ji daɗi ba. Artemisia afra, wadda ke fitowa a tsaunukan gabashi da kudancin Afirka har Habasha, ita ce ta fi kusa da yanayinku, kuma tana daɗewa.

Gargaɗi na ƙarshe ya shafi sha. Da yake mun saba da tazargade a matsayin magani, hannu yakan kai ga ganyen lambu. Waɗannan na ado ne, kuma masu sayarwa kan fesa musu maganin ƙwari. Absinthium tana ɗauke da sinadarin tujon, wanda yawansa ke taɓa ƙwaƙwalwa har ya jawo farfaɗiya, kuma mai juna biyu ta nisanci shan kowace iri. Gaskiya ne daga Artemisia annua aka samo sinadarin atemisinin na maganin zazzaɓin cizon sauro, aikin da ya sa Tu Youyou ta Sin ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa ba ta goyon bayan shan ganyen ko shayinsa don maganin zazzaɓin, saboda adadin sinadarin a ganye ba shi da tabbas, kuma shan kaɗan-kaɗan yana iya koya wa ƙwayar cutar jure maganin asibiti.